Shekarar da Na Buɗe Munduwar Baba

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku game da munduwar nan ta ƙarfe da kuka tashi kuna gani a hannuna. Bashir yana cewa a ruwa ta faɗi, kunya ce ta hana ni faɗa. Nana kuma ta jiyo a bakin wata gwaggonku cewa wani mai wa'azi ne a unguwar Guillotière ta Lyon ya tsorata ni, ya ce shirka ce, na cire. Duk ba haka ba ne. Yayarku Hadiza ta san gaskiya, don a gabanta aka yi, amma kun san halinta, in ba a tambaye ta ba ba ta cewa uffan. To ga yadda abin ya faru, daga bakin mai hannun.

A gidanmu na maƙera a Damagaram, idan ɗa ya gama koyon ƙira, uban yakan yanki guntun ƙarfe daga tsohuwar masabar gidan, ya ƙera munduwa mai kaurin ɗan ƙaramin yatsa, ya rufe ta a hannun hagu, hannun da ke riƙe awartaki. Ba laya ba ce, ba a tofa mata komai. Tawa Baba ya rufe mini ita ana saura kwana uku in bar gida, ina da shekara ashirin da biyu. Ya ɗora hannuna a kan uwar maƙera, ya yi ta bugu a hankali har bakinta biyu suka haɗu, ko sau ɗaya masabar ba ta taɓa fatata ba.

Ya ce, “Lawali, ba ta da ƙulli ba ta da makulli. In ka dube ta ka tuna inda ka hito, ka kuma san hanyar komowa.”

Bayan shekara huɗu ya rasu ina Paris, takarduna ba su fito ba, ban samu jana'izarsa ba. Ke nan munduwar ita ce abu na ƙarshe da hannunsa ya yi mini. Da ita na yi aikin walda shekara talatin, da ita na auri innarku Rabi, da ita na ɗauki kowannenku ranar suna. Hannu ya yi ƙiba, ita ba ta ƙaru ba, har ta kai ko da sabulu ba ta wuce ƙashin wuyan hannu. A filin jirgi kuwa ƙofar bincike ta san ni, kafin in ƙaraso ta fara kuka.

Mun yi shekara goma sha shida a Clichy-sous-Bois, gefen Paris, kafin aiki ya dawo da mu Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon. Duk gidan da muka shiga, abu na farko da nake yi shi ne in fito da ɗan busol ɗina na salla, wanda 'yan Najeriya ke kira kamfas, in ɗora shi a tafin hannun hagu, in tsaya tsakiyar falo in nemo gabas. Inda allura ta nuna mini, nan tabarma za ta fuskanta, magana ta ƙare. Innarku ta sha yi mini ƙorafi. Ta ce ita in ta yi salla a gidan maƙwabciyarmu da ke bene na ƙasa, wadda falonta daidai da namu yake, kusurwar taga suke fuskanta, mu kuma ƙofar kicin. Na ce mata gine-ginen nan cike suke da ƙarfe, su ne suka kauce, ni da na yi rayuwata cikin ƙarfe ba za a koya mini wannan ba. Takan ƙyale ni. Na ɗauka na ci gardama ne.

Maganar nutso kuwa Hadiza ce ta kawo ta gida. Tana jami'a a Lyon tana karatun halittun ruwa, sai ta shiga ƙungiyar masu nutso da tukunyar iska a baya. Ranar da ta faɗa mini, shinkafa ta kusa shaƙe ni. Mu da ruwa mafi zurfi da muka sani shi ne na tabkin bayan gari da damina, wanda ake hana yara zuwa? Na ce ban yarda ba, ba zan bar 'yata ta shiga inda idona bai taɓa gani ba.

Ta ce, “To Papa, zo ka gani mana.”

Innarku ta yi dariya har da riƙe ciki. Dariyar nan ce ta kai ni, ba komai ba. Ina da shekara hamsin na shiga pisin, wato wurin wanka na unguwa, ina koyon iyo, ina kama gefe kamar jinjiri mai koyon tafiya. Wata takwas na yi kafin a ɗora mini tukunya. Ranar da na fara sauka ƙasan ruwa na zauna, na ji abin da ban ji ba tun ina yaro: shiru. Shekara talatin kunnena yana cikin ƙarar injin yanka ƙarfe da tartsatsin walda. A can ƙasa ba abin da nake ji sai numfashina. Na fito ina murmushi kamar wawa, kuma tun daga ranar ban sake yi wa Hadiza faɗa a kan ruwa ba. Na ci matakin farko na nutso ba wuya. Mai koyar da mu wani Bature ne mai suna Jerar, tsohon ma'aikacin kashe gobara, gajere, mai sanƙo, wanda ba ya yabo sai in abu ya kai a yaba.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce dubu biyu da goma. Hadiza ta samu aiki a Paris, za ta tafi a watan Satumba. Akwai abu ɗaya da muka yi wa juna alkawari: kafin ta tafi za mu sauka ruwa mu biyu kaɗai, ba Jerar, ba kowa, ni a gaba ina jan hanya. Ba a barin mutum ya yi haka sai ya ci mataki na biyu, kuma a cikin jarrabawar akwai neman hanya da busol: ka bar igiyar da aka sauko da ita, ka yi nisa, ka juyo ka same ta. Wurin da muke zuwa wani tsohon ramin fasa dutse ne da ruwa ya cika, tafiyar sa'a ɗaya daga Lyon. Ruwansa kore ne, in ka miƙa hannu da ƙyar kake ganin abin da ya wuce yatsunka da taku biyu. Can ba rana, ba bishiya, ba wanda za ka tambaya.

Na sayi busol ɗin hannu, mai kama da babban agogo. Jerar ya tara mu a filin ajiye motoci ya koya mana ɗaura shi. Madaurin roba ne mai miƙewa, don rigar nutso tana matsewa in an yi zurfi, madauri na fata sai ya saki, busol ya juya ya koma ƙarƙashin hannu. Akwai jan layi a fuskarsa, wanda dole ya miƙe daidai da inda hancinka yake kallo. Don haka sai ka miƙa hannu ɗaya gaba, ka naɗe mai busol ɗin ka kama gwiwar wancan hannun, busol ya zauna a gaban idonka. Ka riƙe shi a kwance sosai, in ya karkata allurar takan maƙale ta yi maka ƙarya. Ka duba lambar inda za ka, ka murza zoben da ke kewaye da shi har alamarsa ta hau kan allura, ka riƙe su tare kana tafiya kana ƙirga bugun ƙafa. In za ka dawo, ka ƙara ɗari da tamanin. Duk na haddace a zama ɗaya. Na ɗaura shi a hagu, don dama ita ce hannun aiki, a kan hannun rigar nutso. Munduwar tana ƙarƙashin rigar, ba wanda ya gan ta, ni ma ban tuna da ita ba, kamar yadda mutum ba ya tuna da haƙorinsa.

Sai Jerar ya lulluɓa wa kowa tawul a kai, ya ce mu bi busol zuwa sandar fitila mu dawo. Kowa ya je ya dawo. Ni na ƙare a jikin motar wata mata da ta zo yawo da karenta. Aka yi dariya, na taya su. A ruwa kuwa ba dariya. Karo na farko na yi bugun ƙafa arba'in na juyo, na yi arba'in, ba igiya, sai bangon dutse. Karo na biyu bayan mako uku, Jerar yana biye da ni, muka fito sama can kusa da ciyayin gefe, nesa da kowa. Ya cire abin numfashi daga bakinsa ya dube ni.

Ya ce, “Lawali, komai naka daidai ne. Hannunka a kwance, ƙirgenka daidai. Amma ba ka zuwa inda ka ce za ka. Ban gane ba. Saura dama ɗaya a ƙarshen Agusta. In ba ka same ta ba, ba zan sa hannu in bar ka ka ja kowa ba, balle 'yarka.”

Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ni da na yi kiwon awaki a dajin da ba hanya ban ɓata ba, ni da na koyi hanyoyin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, a mako guda ban iya karatun Faransanci ba? Na ce busol ɗin ne na banza. Na mayar kanti aka canza mini wani. A kantin an gwada shi a kan tebur, lafiya lau.

Wata Lahadi da hantsi muna kicin, innarku tana tankaɗe garin masara, Hadiza ta ce in kawo sabon ta daidaita mini madaurin. Ta ajiye shi a kan tebur, allura ta tsaya cik. Ta gama gyara robar ta ce in miƙo hannu. Na miƙa hagu, hannun riga a naɗe. Sai na ga allurar ta juyo tana bin hannuna kamar kaza ta ga hatsi. Na janye, ta koma. Na sake miƙawa, ta sake biyo ni. Hadiza ta kama wuyan hannuna ta juya munduwar, allura ta yi rawa. Ta ɗauko allurar ɗinki daga gwangwanin innarku ta kusanta da ita, sai ga ta ta manne.

Ta ce, “Papa, munduwarka ta zama maganaɗisu. Wutar walda ce ta shekara da shekaru.”

Na janye hannuna. Maƙeri ɗan maƙeri, a ce yarinya ce za ta nuna mini abin da ƙarfe ke yi! Ina cikin wannan kunyar sai na ji rariya ta daina motsi. Innarku ta karkaɗe hannunta a zane, ta dube ni da wani irin sanyin ido da na sani.

Ta ce, “Malam, ɗauko mana busol ɗinka na salla.”

Na ɗauko, ba yadda zan yi. Ta ce in ajiye shi a ƙasa a tsakiyar falo in ja da baya. Na ja. Hadiza ta durƙusa ta duba, ta ɗaga hannu ta nuna kusurwar taga. Innarku ba ta ce “na faɗa maka” ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta koma kicin ta ci gaba da tankaɗe, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa.

Washegari daga wurin aiki na wuce Guillotière wajen wani dattijo ɗan Tahoua da muke ɗaukar karatu a wurinsa. Na zayyana masa komai, ina lissafin sallolin shekara ashirin da wani abu, nawa da na iyalina. Ya saurara har na gama, ya yi dariya har hularsa ta goce.

Ya ce, “Malam Lawali, ka nemi gabas iyakar saninka, Allah ya ga niyyarka, ba ramuwa bisa kanka. Amma matarka da ta hwaɗa maka gaskiya ka ƙi ji, wannan kam sai ka tahi ka ba ta haƙuri. Ba ni da ayar da za ta ɗauke maka shi.”

Na ba ta haƙurin. Ta ce ta yafe, da sharaɗin in bar ta ta ba maƙwabciya labari. Ta ba ta, har da ƙari.

Saura maganar ruwa. Kada ku ɗauka da sauri na yanke. Na yi duk dabarar da zan yi don in tsira da munduwar. Na mayar da busol hannun dama, amma in na kama gwiwar hagu yadda aka koya mana, allurar takan ɗan kauce, yau kaɗan gobe da yawa, gwargwadon yadda munduwar ta juya a ƙarƙashin riga. Jerar ya ce kaucewar da ba ta kai faɗin yatsa ba a busol, bayan bugun ƙafa arba'in ta isa ta sa ka wuce igiya ba ka gan ta ba. Na gwada maƙale hannun hagu a bayana, sai na dinga karkata kamar kwale-kwale mai yoyo, busol ya ƙi kwanciya. Hadiza da kanta ta ce in bari, ba komai, za mu sauka tare da Jerar kamar kullum. Ta faɗa da zuciya ɗaya, amma na ga fuskarta. Kwana goma na yi ina juya ƙarfen nan a hannuna a cikin bas, a wurin aiki, a kan tabarmar da yanzu take kallon taga. A ƙarshe na kira Yaya Hauwa a Damagaram, babbar yayarmu, wadda ita ta hura zuga-zugi ranar da aka ƙera ta. Bayan mun gaisa na tambayi kowa da kowa har awaki, na faɗa mata.

Ta ce, “Kai Lawali, da girmanka kake shiga ruwa kamar kwaɗo?”

Na ce, “Yaya, ba wannan na tambaye ki ba.”

Ina jin kukan zakara ta bayanta. Sannan ta ce, “Mi Baba ya ce maka da ya rufe ta?”

Na maimaita mata kalma da kalma.

Ta ce, “To ka mance inda ka hito? Shekara talatin kana zuwa, ka gina ma Inna ɗaki, ɗiyanka suna jin Hausa. Ya ce ka san hanyar komowa. In ita ce yanzu ke ɓadda ka, kai da ɗiyarka cikin ruwa, ka san abin da Baba zai yi da kanshi. Amma kada ka yanke ta. Buɗe ta za a yi, kuma jinin gida ya buɗe.”

Jinin gida a Lyon, in ba ku ba sai wa? Bashir yana Marseille lokacin, Nana tana ƙarama. Ranar Asabar da safe na ɗauki Hadiza muka je wurin aikina, ba kowa. Na ɗaure baki ɗaya na munduwar a cikin matsin da ake damƙe ƙarfe da shi, hannuna a ciki, na cusa tsumma tsakanin ƙarfe da fata, na ba ta babbar filaya na nuna mata inda za ta kama. Yarinyar ba ta taɓa riƙe kayan ƙira ba. Ta ja, ƙarfe bai motsa ba. Na ce ta sa nauyin jikinta, kada ta ji tsoro, ƙarfen kakanta ba ya karyewa. Ta ja na biyu, ta ja na uku, sai na ji ya saki a hankali. Na zare hannuna. Wurin fari fat, siriri, kamar ba jikina ba. Na zauna a kan benci na yi kukan da ban samu yi ba ranar da aka aiko mini da rasuwar Baba. Hadiza ta zauna kusa da ni da munduwar a cinyarta.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini tsada. Na yi watanni ina kai hannu in juya abin da babu. Da na je gida shekarar da ta biyo, baffanku Iliya ya kama hannuna a tasha, ya shafa wurin, ya sake shi, kuma har na dawo bai ci abinci kwano ɗaya da ni ba. Sai da aka yi shekara uku kafin ya huce. Shi tasa tana hannunsa har yau, kuma ban ga laifinsa ba.

Jarrabawar kuwa na ci. Jerar ya ce “to, ga shi,” wanda a bakinsa kirari ne. Asabar ɗin farko ta Satumba, ana saura kwana biyar Hadiza ta tafi, muka sauka mu biyu. Na ɗaura busol a hagu, daidai kan farin wurin nan. A gindin igiya na miƙa dama, na kama gwiwa, na kwantar da shi, na murza zobe a kan sittin. Na dubi Hadiza, ta haɗa yatsa biyu ta yi mini alamar lafiya, ta dawo gefen kafaɗata. Muka shiga koren ruwa. Igiya ta ɓace a bayanmu tun bugu na uku. Na ƙirga arba'in da Hausa, don in tsoro ya zo Faransanci guduwa yake daga kaina. Muka tsaya muka kalli wani babban kifi da ya zo ya dube mu ya wuce abinsa. Sannan na juya a kan ɗari biyu da arba'in. Talatin da biyar, ba komai. Talatin da takwas, ba komai. A arba'in da ɗaya sai ga ta, rawaya, a tsaye, daidai tsakanin idanuna. Na kama ta da hagu, na kamo hannun 'yata da dama na ɗora a kai.

Da muka fito sama ta tofar da abin numfashi, tana dariya tana haki.

Ta ce, “Papa, ka dawo da mu.”

Na yi nutso sama da shekara bakwai bayan nan, har gwiwa ta ce ya isa, kuma ban sake rasa igiya ba. Munduwar tana cikin akwatin ƙarfen da ke saman kabad, a naɗe cikin hular Baba, bakinta a buɗe yadda Hadiza ta bar shi. Ban ce ta wane ce a cikinku ba, duk wanda hannunsa ya shiga ya sa, ta kakanku ce. Abu ɗaya kawai nake roƙo: in za ku nemi gabas, ku cire ta ku ajiye can gefe tukuna, kuma in wanda kuke zaune da shi ya ce kun kauce, ku saurare shi tun kafin a yi shekara ashirin.